Yadda Ake Karanta Tsohuwar Tsabar Azurfa ta Turai da Alamomin Kiristanci da Ke Kanta

Ɗalibin tarihi a Katsina idan ya ci karo da hoton tsohuwar tsabar azurfa ta Turai, ko a littafi ko a shafin wani gidan tarihi a intanet, idonsa yakan faɗa kan gicciyen da ke tsakiya, ya ce kuɗin Kiristoci ne, ya wuce. Bai yi kuskure ba, sai dai bai karanta komai ba tukuna, domin mafi yawan kuɗin da aka buga a yammacin Turai tsakanin wajejen shekara ta 675 da ta 1050 suna ɗauke da gicciye ta wata siga, kuma alamar da kowa ke da ita ba ta bambanta kowa. Hanyar da ta fi kai mutum ga sanin wanda ya buga tsaba, da inda aka buga ta, da abin da ake nufi da zanenta, ita ce a fara da jikinta, a bi da rubutunta, a bar zanen ya zo daga ƙarshe, duk da cewa shi ne ya fi jan ido.

Samfurin da za ka yi aiki da shi yana samuwa kyauta. Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan ya sa hotunan dubban tsabarsa a intanet, Gidan Tarihin Fitzwilliam da ke Kambirij yana da kundin tsabar da aka tsinta a Birtaniya daga shekara ta 410 zuwa 1180, babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa da ke Faris shi ma ya sa hotunan tsabarsa a intanet. Kada ka karɓi hoton da ya nuna gefe ɗaya kawai. Ka nemi wanda ya nuna fuska da baya, aka kuma rubuta nauyi da giram da faɗi da milimita a ƙarƙashinsa, domin a allon waya ƙaramar tsaba da babba duk girmansu ɗaya ne.

Nauyi da faɗi su ne za su fara gaya maka ƙarni. Bayan rushewar daular Rum ta yamma a 476, sarakunan da suka gaje ta sun ci gaba da buga ƙaramin kuɗin zinariya, amma a ƙarni na 7 zinariyar da ke cikinsa ta yi ta raguwa, har a wajejen shekarun 670 aka bar ta aka koma azurfa a ƙasar Faranki (Faransa ta yau da wasu maƙwabtanta) da Ingila da gaɓar Holan ta yau. Tsabar wannan rukuni na farko ƙarama ce mai kauri, faɗinta milimita 11 zuwa 13, kamar maɓallin taguwa, nauyinta giram 1 ko sama da haka kaɗan, kuma ta yi zamani har wajejen 750. Idan ka ga tsaba ta yi faɗi ta yi sirara, to ka shigo zamanin gyaran da Sarki Pepin na Faranki ya yi a 755. Idan nauyin ya kai kusan giram 1.7, faɗin ya kai kusan milimita 20, kana bayan gyaran ɗansa Sharlaman na 793 zuwa 794. Dirhamin Musulunci na wannan zamani ya fi su duka girma, domin nauyinsa kusan giram 2.9 ne, faɗinsa kuma yakan kai milimita 25 ko fiye. Sunan tsabar Faranki da Latin shi ne denarius, kuma kada kamanninsa da dinari ya ruɗe ka: dinarin Larabawa zinariya ne, wannan kuwa azurfa ce.

Sai ka lura da yadda aka ƙera ta, domin nan ne ake gane jabu. Ba zubi ake yi ba, bugu ake yi da hannu. Maƙerin yakan sassaƙa zane a kan hatimin ƙarfe guda biyu, ya kafa na ƙasa a cikin kututture, ya ɗora ɗan faifan azurfa a kai, ya dafa na sama, ya sauke masaba. Saboda haka da'irar ba ta cika daidai ba, zanen yakan kauce gefe har wasu haruffa su faɗa waje, wani lokaci ma a ga inuwar bugu biyu idan faifan ya motsa. Tun da a juye ake sassaƙa hatimi, maƙerin da ya shagala yakan fitar da harafin N ko S a birkice, kuma wannan ba alamar jabu ba ce. Tsabar zubi kuwa tana da ɗan layi a gefenta inda bakin mazubin biyu suka haɗu, fuskarta tana da ƙananan ramuka na kumfa, haruffanta kuma sun yi laushi kamar sun narke. Wanda ke son idonsa ya saba da wannan bambanci ya je wurin maƙeran fari a cikin birni, ya roƙi su nuna masa zoben da aka zuba da wanda aka buga, domin abin da hannunsu ya sani a kan azurfa shi ne dai abin da ake nema a hoton.

Lissafin waɗannan kuɗi ba baƙo ba ne ga dattawanmu. A tsarin Sharlaman, denarius 12 su ne solidus ɗaya, solidus 20 kuma su ne libra ɗaya, wato denarius 240. Duk wanda ya yi ciniki a kasuwar Katsina kafin zuwan naira a 1973 ya san kwabo 12 sule ne, sule 20 fam ne, kuma harafin d da ake rubutawa bayan adadin kwabbai a takardun kanti daga sunan denarius ya fito. Bambancin shi ne a wancan zamani denarius da rabinsa kaɗai ake bugawa da azurfa, sauran biyun sunayen lissafi ne kawai. Darajarsa kuwa ba ƙarama ba ce, domin taron da Sharlaman ya kira a Frankfurt a 794 ya ƙayyade cewa denarius ɗaya zai sayi burodin alkama 12, kowane mai nauyin libra biyu (libra a nan ma'aunin nauyi ce).

Rubutun yana zagaye da gefen tsabar, kuma kusan kullum akwai ɗan ƙaramin gicciye a sama wanda ke nuna mafarin karatu. Daga nan sai ka bi dama, yadda hannun agogo ke tafiya. Harafin V yana tsayawa a madadin U, biyunsa a jere kuma suna tsayawa a madadin W, don haka CARLVS REX FR na nufin Sharl sarkin Faranki, HLVDOVVICVS IMP kuma Luwis sarkin daula. Kalmomin addini a taƙaice ake rubuta su, sau da yawa da ɗan layi a samansu: DI ko D-I na nufin "na Allah", DNS Ubangiji, SCS ko SCI waliyyi. Wanda ya fi ruɗa mai koyo shi ne XP a farkon kalma, domin haruffan Girkanci ne guda biyu da suke fara sunan Kristi, ana karanta su "kr", shi ya sa XPISTIANA RELIGIO ke nufin addinin Kirista. A bayan tsabar Faranki yawanci sunan gari ne: METVLLO shi ne Melle, inda ake haƙar azurfa a yammacin Faransa, DORESTADO kuma babbar tashar jiragen ruwa ce a bakin kogin Rhine. Ingilishi sun fi son sunan maƙerin, domin a san wanda za a kama idan azurfar ta gaza, kuma daga gyaran Sarki Edgar na wajejen 973 sai suka riƙa haɗa sunansa da na gari, kamar LVND a madadin Landan. Hukuncin ba na wasa ba ne: dokar Sarki Athelstan ta ce a yanke hannun maƙerin da ya yi algus a kafa shi a kan maƙerarsa.

Abin da ba za ka samu ba, komai neman da ka yi, shi ne shekara. Wanda ya saba da dirhami, wanda tun gyaran Halifa Abdulmalik ɗan Marwan a ƙarshen ƙarni na 7 yake faɗin garin da aka buga shi da shekarar Hijira a rubuce, zai ga wannan a matsayin babban giɓi. Ana cike shi ne da shekarun mulkin sarkin da aka ambata, da irin zanen, da sauran tsabar da aka tarar tare da ita a binne. A nan sai an yi hattara, domin sunan sarki ba ya tabbatar da cewa yana raye lokacin bugun. Sharlaman da jikansa Sharl mai Sanƙo duk sun yi amfani da tambari ɗaya, wato haruffan KAROLVS da aka saƙa su cikin siffar gicciye, kuma abin da ke raba su a sauƙaƙe shi ne kalmomin GRATIA D-I REX, "sarki da alherin Allah", waɗanda ke nuna jikan, domin sun bazu tare da dokarsa ta Pîtres ta 864. Garin Melle kuwa ya ci gaba da buga sunan Sharl ƙarnoni bayan rasuwar masu sunan. Mun ga irin wannan a ƙasarmu: liyarin da ya yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa yana ɗauke da hoton Mariya Teresa ta Ostiriya da shekarar 1780, alhali an yi ta buga shi da wannan shekara har bayan ƙarni ɗaya da rasuwarta, saboda 'yan kasuwa ba sa karɓar wanda aka sauya.

Yanzu ne lokacin zane ya yi. Gicciye kansa iri-iri ne, kuma ya kamata ka rubuta irin da ka gani dalla-dalla. Wanda ke tsaye a kan matakala ya samo asali daga zinariyar Kustantiniyya, inda Tiberiyus na Biyu ya fara sa shi tsakanin 578 da 582. Akwai mai hannuwa daidai da ɗigo ɗaya a kowace kusurwa, akwai kuma dogo mai layi biyu wanda ya kai har gefe, kamar na Sarki Ethelred na Biyu na Ingila na wajejen 997 zuwa 1003. Wannan na ƙarshe yana da amfani na kasuwa ƙari a kan na ibada, domin idan ana son canji sai a bi tsakanin layukan a yanka tsabar biyu ko huɗu.

Zanen da ya fi cancantar a daɗe a kansa shi ne ginin ibada. Ka ƙirga abubuwan da ke cikinsa: matakala a ƙasa, ginshiƙai huɗu, rufi mai kusurwa uku da ɗan gicciye a ƙololuwarsa, sai wani gicciyen a tsaye tsakanin ginshiƙan tsakiya. Ya fara fitowa ne a ƙarshen mulkin Sharlaman, wajejen 812 zuwa 814, a bayan wata tsaba da ke nuna shi da kambin ganye da alkyabba irin ta sarakunan Rum, da rubutun KAROLVS IMP AVG. Tsohon kuɗin Rumawa ma yakan nuna irin wannan gini da gunki a tsakiya, don haka wanda ya tsara sabon ya riƙe ginin, ya cire gunkin, ya sa gicciye a gurbinsa, kuma a ganina wannan musanya ita ce saƙon gaba ɗaya: daular Rum ta dawo, amma da wani addini. Masana sun saɓa a kan ko wani gini na musamman ake nufi, wasu suna cewa kabarin da Kiristoci ke girmamawa a Ƙudus ne, wasu suna cewa majami'a ce a dunƙule. Luwis ɗan Sharlaman ya kai abin matuƙa, domin daga wajejen 822 har rasuwarsa a 840 ya sa duk maƙerun daularsa su buga wannan zane ɗaya, aka cire sunayen garuruwa, aka bar sunan sarki a fuska da sunan addini a baya. Shi ya sa wannan tsaba ta fi kowace ta gidan sarautarsu yawa a gidajen tarihi, kuma ita ce ya fi dacewa mai koyo ya fara da ita.

Ƙananan tsabar Ingila da Holan na kafin 750 sun fi wuya, domin yawancinsu ba su da rubutu, zanensu kuma ya fi na kowane zamani yawa da ban mamaki. Akwai tsuntsu a kan gicciye, wanda aka fi fassarawa da kurciyar da ke wakiltar Ruhu Mai Tsarki. Akwai tsuntsu yana tsattsagar 'ya'yan inabi a cikin kuranga, wanda ke komawa ga babi na 15 na Linjilar Yahaya inda aka kwatanta Almasihu da itacen inabi, kuma irinsa aka sassaƙa a kan manyan gicciyen dutse na Ruthwell da Bewcastle a arewacin Birtaniya. Akwai mutum a tsaye riƙe da gicciye, wanda a kan tsabar Sarki Eadberht na Northumbria da ke arewacin Ingila aka rubuta sunansa, wato ɗan'uwan sarkin, babban bishop na York. To amma kafin ka ɗora ma'ana a kan kowane zane, ka nemi asalin da aka kwaikwayo. Wata tsaba da ta yi yawa ƙwarai a Holan tana da wani abu mai lanƙwasa da ƙayoyi a baya wanda masu tara kuɗi suka sa wa suna beguwa, alhali kan mutum ne da gashinsa, wanda maƙeri ya kwafa daga maƙeri har siffar ta ɓace. Haka nan haruffan TOT II da ke cikin wani murabba'i saura ne na VOT XX da ke kan tutar sojan Rum a kuɗin zamanin Kustantin. Wanda bai san wannan ba zai ƙirƙiro tafsiri mai tsawo a kan abin da ba kome ba ne illa hannun da ya gaji da kwafi.

Inda zane ya fita daga al'ada ƙwarai, a nan ne ya dace a tambayi abin da ke faruwa a ƙasar. Ethelred na Biyu, wanda ya mulki Ingila daga 978 zuwa 1016 cikin hare-haren mayaƙan Viking na Sikandinebiya, a farkon mulkinsa ya buga tsaba mai nuna hannu yana saukowa daga gajimare tsakanin Alfa da Omega, harafin farko da na ƙarshe na Girkanci, ya bi da wadda aka rubuta CRVX, wato gicciye da Latin, a kusurwoyin gicciyenta. A wajejen 1009, shekarar da rundunar Viking ta Thorkell ta sauka Ingila, aka kuma umarci jama'a su yi azumin kwana uku su tafi majami'a ba takalmi, sai aka buga wata da ba ta da hoton sarki ko kaɗan: ɗan rago riƙe da gicciye a fuska, kurciya a baya. Ba ta daɗe ba, waɗanda suka rage 'yan kaɗan ne, kuma yawancinsu a ƙasashen Sikandinebiya da gaɓar tekun Baltik aka same su, da dama da huda a jiki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki zane a matsayin shaidar abin da ke zuciyar mai bugun. Mutanen Viking sun kashe Sarki Edmund na gabashin Ingila a 869, kafin shekara talatin kuma magadansu a wannan yanki suna buga tsaba da sunansa a matsayin waliyyi. A York, a farkon ƙarni na 10, an buga sunan Waliyyi Bitrus tare da takobi da gudumar Thor, abin bautar mutanen Viking, a kan tsaba ɗaya. Misalin da ya fi yawo a tsakaninmu shi ne dinarin zinariya na Offa, sarkin Mercia ta tsakiyar Ingila daga 757 zuwa 796, wanda ke Gidan Tarihin Birtaniya. Kwafi ne na dinarin Halifa Mansur na shekara ta 157 bayan Hijira, yana ɗauke da kalmar shahada, an kuma cusa OFFA REX a tsakiya, shi ya sa ake yawan tura hotonsa a WhatsApp da cewa sarkin ya musulunta. Ka juya hoton ka duba da kanka: sunan Offa a kife yake idan aka daidaita Larabcin, kuma Larabcin yana da kurakurai, alamar wanda ya sassaƙa bai iya karanta shi ba. Offa kuwa shi ne ya nemi Fafaroma Adriyan ya ɗaga garin Lichfield na ƙasarsa ya zama mazaunin babban bishop a 787, sauran kuɗinsa na azurfa kuma cike suke da gicciye. Abin da tsabar ke tabbatarwa shi ne dinarin Abbasiyawa ya yi ƙima har ana kwaikwayonsa a Ingila. Dirhamin farko na Musulmi ma, kafin gyaran Abdulmalik, ya ɗauki hoton Kisra da murhun wutar Majusawa, aka ƙara bismillahi a gefe, kuma ba wanda ke ɗaukar wannan a matsayin hujja a kan imanin gwamnonin da suka buga shi.

Tabon da tsaba ta samu bayan ta bar maƙera shi ma abin rubutawa ne. Ƙananan tsaga irin na bakin wuƙa a fuskarta suna nuna ta shiga hannun mutanen Viking, waɗanda ke auna azurfa a sikeli, suna caka ta don su ga ko an lulluɓe dalma ne. A dukiyar da aka tono a Cuerdale ta Ingila a 1840, mai nauyin kusan kilo 40, an sami kuɗin Ingilishi da na Faranki da dirhamai a haɗe da guntayen mundaye, domin ga masu ita nauyi ne abin lura. Huda ko ɗan kunne da aka liƙa yana nuna an rataya ta a wuya, kuma idan ka duba inda hudar take za ka gane gefen da mai ita ya so ya tsaya daidai.

Idan wani ya kawo maka tsabar a hannu, ka riƙe ta ta gefe, kada ka goge ta da toka ko lemon tsami, domin baƙin da ke kanta yana cikin shaidar shekarunta. Ka auna ta a sikelin masu sayar da zinariya, ka kusanto da maganaɗisu, wanda ba ya kama azurfa. Idan aka ce a gindin ganuwa aka tsince ta, ka yi shakka mai ƙarfi, domin cinikin Sahara da ya ɗaukaka Katsina ya bunƙasa ne ƙarnoni bayan an daina buga waɗannan kuɗi, kwafinsu na zamani kuwa ana sayar da su a intanet da araha. Ma'aikatan gidan tarihi na ƙasa da ke ginin tsohuwar Kwalejin Katsina su ne ya dace a fara nuna wa.

Ga yadda bayanin tsaba ɗaya zai kasance a littafinka. Azurfa, giram 1.6, milimita 20, bugun hannu, an ɗan kauce hagu. Fuska: gicciye da ɗigo huɗu a cikin da'ira, rubutu HLVDOVVICVS IMP. Baya: gini mai ginshiƙai huɗu da matakala biyu, rubutu XPISTIANA RELIGIO. A gurbin gari ka rubuta cewa ba a ambata ba, a gurbin shekara ka rubuta 822 zuwa 840, sannan ka sake duba ginin da nauyin kafin ka rufe littafin. Idan ginshiƙan sun zama sanduna marasa tsari, haruffan sun wargaje, nauyin kuma ya faɗo kusa da giram 1, mai yiwuwa kana riƙe da ɗaya daga cikin waɗanda aka ci gaba da bugawa da sunan Luwis a yankin Suwizalan ta yau tsawon ƙarnoni bayan rasuwarsa, don haka sai ka goge shekarun ka rubuta "bayan 840".